Yadda na rabu da V6 na koma 1.8

Ranar da na yanke shawarar rabuwa da tsohuwar motata ina tsaye ne a gidan mai, wajajen ƙarshen 2024, ina kallon lambobin famfo suna gudu kamar an biyo su da bulala. Albashi ya shigo a ranar, ni kuma na gaji da siyan na dubu biyar-biyar kamar ɗan adaidaita, sai na ce wa yaron ya cika tanki kawai. Tankin lita 70 yake ɗauka, fitilar mai kuma tun jiya take kunne. Da famfon ya tsaya sai yaron ya leƙo ya ce "Alhaji saba'in da biyu." Na ce saba'in da biyu me? Ya yi dariya ya nuna min allon. Wallahi sai da na ɗan jima riƙe da katin ATM ban miƙa ba, dan a watan Yulin shekarar ne aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70, wato abin da wani magidanci zai yi wata guda yana wa aiki shi na juye a cikin ƙarfe a minti huɗu, kuma na sani sarai ba zai kai ni sati biyu ba daga Rijiyar Zaki zuwa Bompai da kai yara makaranta.

Ba zan faɗi sunan motar ba, masu irinta suna da yawa a garin nan kuma suna da saurin fushi. V6 ce dai, wato mai babban inji silinda shida, ta Amurka, mai faɗin ƙirji, in ka taka ta tana amsawa da wata murya mai daɗi wadda har yau in na ji ta a titi sai na waiga. Kuma ba ta yi min laifin komai ba. Lokacin da na saye ta lita tana 165, wa yake lissafin mai a lokacin? Sai ga 29 ga Mayu 2023, Tinubu ya tsaya a dandalin Eagle Square ya ce tallafi ya tafi, kafin sati ya zagayo lita ta haura 500 a Kano, a watan Yuli ta wuce 600, zuwa Oktoban 2024 kuma maganar dubu ake yi da ɗoriya. Motar ba ta canza ba, tana nan tana shan abin da ta saba sha. Ni ne aljihuna bai girma tare da ita ba.

Toh sai maganar me za a saya. Maman yara ta ce ita dai biyu take so, esi mai sanyi da but ɗin da zai ɗauki buhun shinkafa da jarkar manja ba sai an ɗora wani abu a cinyar yara ba. Yayana ko saurarona bai gama yi ba ya ce "Ka je ka sayi Corolla ka huta, me ye na wahalar da kai." Ni kuma a raina akwai wani abu da nake jin kunyar faɗa a gabansu, ina son motar da in na faka na fito na yi taku uku zan juyo in kalle ta. Shekaruna sun kusa arba'in, na sani, amma yaron nan da yake tsayawa bakin titin Zoo Road yana ƙirga motoci bai mutu ba. Ina son mota mai ɗan kwantawa ƙasa, mai kaifin fitila, wadda in ka shiga kwana ba za ta yi ta lilo kamar kwale-kwale ba. Kuma ta kasance mai araha, kuma kar ta sha mai. Da na jera wa bakanikena waɗannan sai ya ajiye sifanar da ke hannunsa ya goge hannu da tsumma ya ce "Yallaɓai, sipot ɗin riga kake so ko sipot ɗin inji? Dan ba kuɗinsu ɗaya ba."

Wannan tambayar ita ta warware min komai, duk da sai da na ɓata wata huɗu kafin na yarda.

Ka ɗauki Corolla ta 2003 zuwa 2008, wadda ake ce wa Bank type saboda bankuna sun raba wa ma'aikatansu ita da yawa a lokacin. Akwai CE, akwai LE, akwai S, wadda dillalai ke kira Corolla Sport suna ƙara mata kuɗi. To wannan S ɗin riga ce kawai. An sa mata ɗan siket a gefe da gaba, da fiffike a kan but, da fitilar hazo, cikin ya ɗan yi duhu, shikenan. Injin da ke ciki shi ne dai 1ZZ mai lita 1.8 da ke cikin CE ɗin da malamin makarantarmu yake ja, mai ƙarfin doki wajen 130, ba ƙari ba ragi. Da farko da na gane haka sai na ji kamar an yaudare ni, daga baya kuma na ga ai wannan shi ne ainihin abin da nake nema, kamannin gudu da cikin mai ƙanƙanta. Sipot ɗin inji na gaske a wannan jikin ita ce Corolla XRS ta 2005 da 2006, mai injin 2ZZ wanda Toyota ta haɗa kai da Yamaha wajen ƙera shi, doki 170, giya shida ta hannu, injin da har kamfanin Lotus na Ingila ya ɗauka ya sa a motarsa Elise. Amma shi wannan injin ƙarfinsa yana ɓoye ne a can sama, sai allurar juyawar inji ta haura 6,000 sannan yake buɗewa ya yi wannan kukan da samari ke so, kuma an tsara shi ne a kan fetur mai daraja ta sama. Dan Allah a ina zan kai 6,000? A cunkoson Kantin Kwari, ko a bayan tifar yashi a Kabuga? Ga shi samunta ma aiki ne, in injin ya samu matsala kuma ba kowane shago a Ƙofar Ruwa za ka shiga ka fito da kayansa ba.

Matsalar Corolla guda ɗaya ce, kowa ya san tana da kyau. Tunda mai ya tashi duk wanda ya sauka daga babbar mota kanta yake faɗawa, ga kuma dala da ta tashi daga 460 da wani abu a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin kwastam ma da dala ake lissafa shi, sai ya zama motar da ta shekara ashirin a duniya ana kiran kuɗinta kana jin kamar fili ake sayar maka. Dillalai kuma ba sa ko rage murya, in ka taya ƙasa sai su ce "Alhaji Corolla fa kuɗi ne a hannu, yau ka saka ta kasuwa yau za ta tafi." Kuma gaskiyarsu ne, abin haushin kenan.

Na leƙa wajen Pontiac Vibe da 'yar uwarta Toyota Matrix. Mutane da yawa har yanzu ba su san Vibe Toyota ce a cikin rigar Amurka ba, a wata masana'antar haɗin gwiwar kamfanin General Motors (GM) da Toyota aka ƙera ta a Kalifoniya, inji da giya duk na Corolla ne, har a Japan an sayar da ita da sunan Toyota Voltz. Sunan Pontiac ɗin ma an rufe shi tun 2010 amma kayan injinta ba sa wahala saboda wannan dangantakar, sai dai fitila da bamba da gilashi su ne za ka ɗan zaga. Maman yara ta so ta sosai, in ka kwantar da kujerun baya sai ta zama kamar ƙaramar akori-kura, bayan kuma roba ce mai tauri ba kafet ba, ko manja ya zube gogewa kawai za ka yi. Tana da ɗan tsayi daga ƙasa, wanda a unguwarmu da damina ba ƙaramin abu ba ne. Amma saboda tsayin nan da faɗin bayanta tana ɗan fi Corolla shan mai a doguwar hanya, kuma a idona dai ba ta da wannan kaifin, kamar takalmin sau-ciki mai ƙwari take, ba za ka kushe shi ba amma ba shi za ka sa ranar Sallah ba. In kuma za ka sayi sabon jikin na 2009 da 2010 ka buɗe bonet ka tabbatar 1.8 ce, dan akwai mai 2.4, irin injin Camry Muscle, kuma wannan lissafinsa daban ne.

Peugeot kam na taso da sonta, duk ɗan Arewan da ya girma lokacin da kamfanin Peugeot na Najeriya, PAN, ke harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna yana da wani lungu a zuciyarsa na 504 da 505 da 406. Kuma 406 a kan hanyar Zariya tana kwanciya a titi kamar an shafa mata gam. 206 ma ƙarama ce mai kyan gani ga rashin shan mai. Amma yawancin waɗanda na gani a kasuwa sun sha hannu, an taɓa wayarin an sake taɓawa, kuma motar Faransa in mai gyaran da bai san ta ba ya shiga wayarinta to kai da zaman lafiya sai dai labari. Mazda 3 na ja ta wani abokin aikina sau biyu, sitiyarinta ya fi na duk waɗanda na lissafa daɗi, tana bin hannu, sai dai 2.0 ce kuma kayanta ba su kai na Toyota da Honda yawa a nan ba. Benz C300 kuwa da yaran yanzu ke mutuwa a kai ko kallonta ban yi ba, irin ta 2008 zuwa 2012 V6 ce mai lita 3.0, wato in gudu daga ruwa in faɗa kogi.

Yanzu bari in ba ku labarin ranar da na kusa jefa kuɗina a rijiya. Wani dillali ya kira ni da sassafe ya ce an sauke wata Corolla Sport, baƙa, 'yar Beljiyam, fes bodi, ko ƙwarzane babu, kuma mai ita kuɗi yake nema da gaggawa. Kuɗin da ya faɗa ya yi ƙasa da na kasuwa sosai, maimakon in tsorata sai na ji daɗi, kun san halin ɗan Adam. Na je na same ta an wanke ta tana ƙyalli, an shafa wa tayoyin mai, cikin yana ta ƙamshin turaren mota har yana hawa kai. Na zauna na riƙe sitiyari, a raina har na fara tunanin inda zan faka ta ranar Juma'a. Allah ya sa na taho da bakanikena. Shi bai ko kalli fentin ba. Ya buɗe ƙofar baya ya durƙusa, ya ja bel ɗin kujera a hankali har ƙarshensa, sai ga wani layi ruwan ƙasa a kwance a jikin bel ɗin kamar alamar da ruwa ke bari a bango bayan ambaliya. Ya zura hannu ƙarƙashin kujerar direba ya shafo ƙarfen da kujera ke gudu a kai, ya nuna min yatsunsa, tsatsa ce ja. Ya ɗaga kafet ɗin but ya ciro safaya taya, a ƙasan ramin akwai busasshen taɓo mai laushi kamar garin kunu. Sannan ya ce in murɗa makulli kar in tayar, ya ce "Yallaɓai ƙirga fitilun." Ta batir ta kawo, ta baƙin mai ta kawo, ta birki ta kawo, amma ta cek inji shiru. Ita kuwa dole ta kawo in an murɗa makulli sannan ta ɗauke bayan mota ta tashi, in ba ta kawo ba ko kaɗan to an cire ƙwan ne ko an liƙe shi dan kar ta tona asiri.

Dillalin ya fara rantse-rantse, "Ranka ya daɗe wallahi wajen wanki ne ruwa ya shiga." Bakanikena bai ce masa komai ba, sai ya sa farce a gefen harafin S ɗin da ke jikin but, ya ɗan taɓa, harafin ya motsa. Gam ne. CE ce aka saya mata siket da fiffike aka manna, bayan ta sha iyo a wata ambaliya can ƙasar da ta fito. Muna tafiya a hanya ya ce min irin waɗannan daga gwanjon motocin inshora ake kwaso su a Amurka, waɗanda suka yi hatsari ko ruwa ya ci, kuma ba duka ne marasa kyau ba, wadda aka ɗan buga a bamba ko ƙofa in an gyara ta da kyau lafiya lau ce, amma wadda ruwa ya shiga wayarinta da burenbos ɗinta, wato kwamfutar motar, yau za ta tashi gobe ta ƙi, ka yi ta canza kaya har ka gaji. Tun ranar duk motar da zan duba sai na ɗauki hoton lambar VIN, haruffa da lambobi 17 ɗin nan da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, in biya 'yan kuɗi kaɗan a duba min tarihinta a intanet, sau da yawa har hotunanta na ranar gwanjo za ka gani. Takardun kwastam ma haka, tunda an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa tun 1 ga Janairun 2017, duk wanda ya ce min 'yar Kwatano ce sabuwar shigowa sai na ce ya nuna min ta inda ta biyo da abin da aka biya, dan ba na son wata rana a tare ni a hanyar Kaduna ina da iyali a ciki.

A ƙarshe dai Honda Civic na saya, jikin 2006 zuwa 2011, wadda ake kira I-Robot. Tun farko ita idona ke kai, ina ta kewaye-kewaye ne kawai dan Yaya ya riga ya sa min tsoron Honda. Duk wanda ya taɓa zama a cikinta ya san abin da nake nufi, dashbod ɗin hawa biyu ne, lambar gudu tana can sama da manyan lambobi masu haske kusa da gilashi, allurar inji kuma tana ƙasa ta cikin sitiyari, gilashin gaba ya kwanta sosai, sitiyarin ƙarami, kujerar tana ƙasa, kana zama sai ka ji kamar matuƙin jirgi ko da kuwa cefane za ka je Yankaba. Injin R18 ne mai lita 1.8, doki 140, giyarta ta otomatik biyar ce a lokacin da Corolla ta wannan zamanin ke da huɗu, shi ya sa a doguwar hanya allurar take kwantawa ƙasa inji ya yi shiru. A ƙiyasin hukumar kula da muhalli ta Amurka tana yin mil 25 a galan a cikin gari, 36 a babbar hanya, in ka juya shi zuwa namu kusan kilomita 10 da rabi kenan a lita a gari, 15 da ɗan wani abu a hanya, kusan kunnen doki suke da Corolla. Tankinta lita 50. Kuma a kasuwarmu ta fi Corolla sauƙin kuɗi, kawai saboda sunan Toyota ya fi tsada a bakin mutane.

Akwai abin da ya kamata mai neman irinta ya sani. 'Yan 2006 zuwa 2008 da wasu na farkon 2009 an samu waɗanda bulok ɗin injinsu ke tsagewa ruwa ya rinƙa zuba, sanannen abu ne, har Honda ta tsawaita garantin injin zuwa shekara 10 a Amurka saboda shi. Ba kowacce ba ce, da yawa suna nan suna yawo lafiya, amma ni da ba ni da kuɗin canza inji sai na ce a nemo min ta 2010, na ƙara haƙuri na ƙara 'yan kuɗi. Akwai kuma Civic Si mai lita 2.0, doki 197, giya shida ta hannu, wannan ita ce sipot ɗin inji, na ga guda ɗaya ja mai ƙofa biyu na zagaya ta sau uku na yi mata sallama. Ina zan sa yara uku a mota mai ƙofa biyu?

Wadda na samu ba 'yar Beljiyam ba ce, an yi amfani da ita a nan, wani ma'aikaci ne da aka yi wa canjin wajen aiki ya sayar. Ruwan toka, an taɓa fesa ƙofa ɗaya kuma shi da bakinsa ya faɗa min kafin in tambaya, wannan kaɗai ya sa na ji hankalina ya kwanta da shi. Mun fita gwaji ta Eastern Bypass da rana tsaka da esi a kunne, bakanikena yana gefe ya jona 'yar na'urarsa ta sikanin a ƙasan sitiyari yana kallon zafin inji a waya, ni kuma ina sauraron yadda giya ke shiga. Da muka dawo ya sa aka ɗaga ta ya shiga ƙasa da tocila yana ƙwanƙwasa tukunyar salansa ta gaba, wai yana duba ko indomi na nan. Wanda bai sani ba, indomi shi ne wannan abu mai ramuka kamar saƙar zuma da ke cikin katalis, yana tace hayaƙi, akwai ƙarafa masu tsada a jikinsa shi ya sa ake fasa tukunyar a kwashe a sayar a mayar maka da fanko a yi walda. Nata yana nan. Aka yi ciniki, na ba dillalin da ya haɗa mu la'adarsa, na sayar da V6 da asara wadda ba na son tunawa, dan a lokacin kowa gudun manyan injina yake.

Satin farko na yi gwajin da nake ba kowa shawara ya yi maimakon ya tsaya yana cewa "motata ba ta shan mai" alhali bai taɓa aunawa ba. Ka cika tanki har famfo ya yanke da kansa, ka mayar da tirif, wato mai ƙirga kilomitar tafiya, sifili, ka yi harkarka kwana biyar ko shida, ka koma famfon nan dai ka sake cikawa, sai ka raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. In motar Amurka ce ka lura ko mil take ƙirgawa, sai ka ninka da 1.6. Na farko da na yi ya ba ni takwas da ɗan kai a lita, raina ya ɓaci, na koma gareji ina huci. Oga bakanikena ya buɗe bonet ya kwance wajen tiyon lagireto ya ce "Ga ɓarawon." Babu tamostat, abin da ke daidaita zafin inji. Wani ya cire shi tun tuni, an kuma haɗa fanka dairek tana juyawa tun daga tayarwa, wai dan kar mota ta yi zafi a ƙasar zafi. Wannan al'adar ta cika garejojinmu kuma tana cinye wa mutane mai ba su sani ba, dan in inji bai kai zafin da aka tsara masa ba kwamfutar motar tana ɗauka har yanzu safiya ce, sai ta yi ta ƙara fetur. Muka sa sabon tamostat, aka mayar da fanka kan na'urarta, aka zuba ruwan kulant na gaske ba na rijiya ba, aka canza filogi huɗu da matatar iska wadda harmatan ya mayar kamar bulo, aka wanke nozul. Baƙin mai kuma 5W-20 aka rubuta a murfin, ba 20W-50 mai kauri kamar zuma da ake ɗura wa kowace mota ba, man giya ma nata na Honda ne ba jan man nan na kowa da kowa ba. Da na sake aunawa sai ga ni a wajen goma a cikin gari da esi, ranar da na je Zariya kuma ina riƙe da ita a 100 zuwa 110 na ga sha huɗu. A V6 ina samun shida ne in na yi sa'a.

Sai kuma shaiɗan ɗin kwalliya ya zo. Na ga wasu rim inci 18 a wani shago, baƙaƙe masu bakin azurfa, na tsaya ina lissafin yadda za su zauna mata. Ita da 205/55 R16 ta zo. Oga ya ce in na sa 18 dole tayar ta zama siririya kamar an naɗa roba a jikin ƙarfe, rami ɗaya a hanyar Panshekara rim ya lanƙwashe, shokozoba su fara kuka, nauyin kuma ya ƙaru ta ƙara shan mai, wato in kashe kuɗi dan in ƙara kashe kuɗi. Na haƙura, na sa aka fesa nata na asali suka koma baƙi-baƙi, kuma wallahi ba wanda ya taɓa tambayata inci nawa ne. Salansa mai ƙara ma da wani yaro a layinmu yake ta zuga ni in sa, na ce masa ni da nake fita sallar asuba da mota wani lokaci, so kake maƙwabta su yi min Alƙunutu? Ƙara ba ta ƙara doki ko ɗaya. Baƙin gilashi kuma sai da takardar izinin 'yan sanda, ni kuma ba ni da lokacin wannan zirga-zirgar. Abin da na fi kula da shi yanzu iskar taya ce, akwai takarda manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba da ta faɗi adadin, tawa 32 ce, amma in ka bar mai faci da son ransa sai ya ɗura maka 50 ya ce haka ake yi, shi ya sa na sayi ɗan geji nawa na ajiye a aljihun mota.

Ba wai ba ta da abin haushi ba. Tana ƙasa, kuma mutanen layinmu kowa ya ga dama sai ya kwaɓa siminti ya gina tudun rage gudu a ƙofar gidansa kamar katangar makabarta, in mun cika motar mu biyar sai na bi su a karkace a hankali ina jin ƙasan yana gogawa ina cije leɓe. Da damina akwai hanyar da na daina bi gaba ɗaya. Maman yara har yanzu in muka wuce Vibe sai ta ce "Da wannan ka saya da yanzu ba ma wannan rawar a kan bam." But ɗin dai ya ɗauki buhun shinkafa, jarkar manja kuma tana zama a tsakanin ƙafafun babban yaron. Wani abokina yana ta ja na in mayar da ita mai amfani da gas na CNG tunda gwamnati ta fito da shirin, na ce tukunyar gas ɗin in ta zauna a but ina shinkafar za ta zauna, a bar ni tukuna in ga yadda gidajen gas ɗin za su yawaita a Kano.

Yaya kuma da ya ce in sayi Corolla in huta, ran nan ya karɓi makullin zai je ɗaurin aure Wudil wai tasa tana wajen sabis. Tun azahar nake jiransa, sai bayan isha'i ya dawo, ya faka, ya fito ya yi taku uku ya juya ya kalle ta, sannan ya miƙo min makulli ya ce sitiyarin ya cika ƙanƙanta. Na duba geji, ya zuba mata na dubu goma.